Itacen gonarmu: mu sare da kanmu ko mu ba ɗan kwangila?

Sale_Dass:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masana nake nema. Muna da gonar gado a gefen hanyar Dass, kimanin hekta biyu. A ciki akwai turare wajen 300 da marigayi mahaifinmu ya dasa, dogon yaro kusan 50 a kan iyaka, malaina 20 da suka yi kauri, sai madaci uku da ɗorawa biyar waɗanda aka tarar a wurin. Muna son katakon rufin gida, ragowar a sayar a raba. Wani ɗan kwangila ya zo ya zagaya, ya ce zai saya duka a tsaye, kuɗi hannu, shi zai sare shi zai kwashe. Ƙanena kuma ya ce mu sayi inji mu yi da kanmu, riba ta zauna a gida. Wanne ya fi?

Baffa_Kumo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Kafin maganar inji, duk magada sun yarda? Har da mata da waɗanda ke nesa? Itacen da ke gonar gado shi ma gado ne. In ba a raba ba, ba mai ikon sayar da ko reshe ɗaya shi kaɗai. A fara da wannan, a rubuce, kowa ya sa hannu ko ya wakilta wani.

Sale_Dass:
Amin Baffa. Mu bakwai ne, duk an zauna an amince, yayarmu ma tana cikin masu neman a rubuta.

MalaminDaji_Ningi:
To madalla. Abu na biyu takarda. Mutane na ɗauka tunda gona tawa ce, abin da ke cikinta sai yadda na ga dama. Ba haka dokar gandun daji take ba. Akwai itatuwan da aka kare ko a gonar mutum suke, madaci da ɗorawa da kaɗanya suna cikin waɗanda aka fi sa wa ido. Turare da malaina da dogon yaro da aka dasa da hannu lamarinsu ya fi sauƙi, amma su ma ka je sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ka sanar. Za a turo ma'aikaci ya duba, ya ƙirga, a yanka maka kuɗin izini, a ba ka rasit. Sannan akwai takardar fitar da kaya, wadda direba zai riƙe a hanya. Wannan ta biyun ita ake mantawa da ita, sai an tare mota a shingen bincike katako ya kwana uku a rana ana ciniki. Ka kuma sanar da mai unguwa ko dagaci, saboda dogon yaron nan na kan iyaka. Itacen iyaka shi ke haddasa rigima da maƙwabci, wani lokacin ma shi ne kaɗai shaidar inda gona ta tsaya. Kada ku sare su duka, ku bar na kusurwoyi da ɗaya bayan kowane huɗu ko biyar.

In kuka ba ɗan kwangila, kada ku yarda da "ni zan ji da ma'aikata". Ku ga rasit ɗin da idonku, da sunan gonarku da adadin itacen. In aka samu matsala mai gona ake nema, shi ɗan kwangila ya riga ya yi gaba.

DanKatako_MudaLawal:
Malam Sale, tambayarka ta tsallake abu ɗaya. Ba ka san me kake da shi ba tukuna, shi kuwa wanda ya zagaya ya sani. Zagayen da ya yi lissafi ne. Kai ma ka yi naka kafin ka ce e ko a'a.

Ga yadda ake yi. Ka samo tef na tela da fenti. Kowane itace mai kauri ka rubuta masa lamba, ka auna zagayensa daidai ƙirjinka, ka duba gungume nawa mai tsawon ƙafa 12 zai fita miƙaƙƙe kafin reshe ko lanƙwasa. Ƙafa 12 saboda shi ne tsawon da kasuwa ke saye. Zagaye in ka raba shi da 3.14 ya ba ka faɗin itacen. Faɗin kuma in ka ninka da 0.7 ya ba ka gefen murabba'in da zai fita a ciki. Misali gungumen da zagayensa a siririn bakin ya kai inci 60 ban da ɓawo, faɗinsa inci 19 ne, murabba'insa inci 13, wato zai ba da falanki mai faɗin inci 12. Injin hannu zai fitar da falanki 8 ko 9 masu kaurin inci ɗaya daga ciki. Gungumen da bai kai inci 54 ba ba zai ba da inci 12 cikakke ba, sai tubaifo da tubaitiri da tubaitu, wato katako mai inci 2 da 4, 2 da 3, 2 da 2.

Da ka gama sai ka shigo kasuwa, nan Muda Lawal ko Kasuwar Katako ta Gombe, ka tambayi farashin da ake sayen falankin malaina daga hannun masu kawowa, ba wanda ake sayar wa kafinta ba. Ka cire kuɗin yanka, lodi, mota da takarda. Abin da ya rage shi ne darajar itacenka a tsaye. Sai ka kwatanta da tayin da aka yi maka.

Garba_Alkaleri:
Wannan lissafin na Alhaji mai katako shi ne maganar. Mai saye a dunƙule ba ya tayi sai ya bar wa kansa wuri mai faɗi.

Ofareta_Toro:
Ni a kan maganar ƙaninka zan tsaya. Ku gaya masa injin nan ba injin ban ruwa ba ne da za a tayar a koma gefe. Wanda ake tsaga katako da shi a dazukanmu, Stihl 070, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura takobi (dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai) da sarƙa ba, kuma ba shi da birkin sarƙa irin na ƙananan injuna na zamani. In saman hancin takobin ya taɓa reshe ko ya maƙale, injin gaba ɗaya yakan yi tsalle ya dawo wajen fuska da kafaɗa kafin mutum ya ƙifta ido. Yaran da ke koyo sai sun daɗe suna ɗaukar jarka da wasa sarƙa kafin a bar su su kayar da itace.

Kayar da itacen kansa yana da ƙa'ida. Za ka duba inda ya karkata da inda rassa suka fi nauyi da inda iska ke kaɗawa. A gefen da kake so ya faɗi ka yanka baki, zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin itacen, kada ya wuce ɗaya cikin uku. Sai ka koma baya ka yanko a miƙe, sama da ƙasan bakin da kamar yatsa biyu. Ba a haɗe yankan biyu. Ana barin tsakani kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin itacen, shi ke riƙe shi ya kwanta inda aka nufa. Sabon hannu yakan cinye wannan tsakanin, itace ya juya a kan kututture ya faɗi inda ya ga dama. In ya zauna a kan takobi, weji ake bugawa a baya, ba a fizgar inji. Kafin a fara a share hanyar gudu guda biyu, ta baya a karkace, kuma kada kowa ya tsaya kusa da ninki biyu na tsawon itacen, musamman yara masu jiran ƙirare.

Turare 300 da aka dasa kusa da juna matsalarsu maƙalewa. Ka yanke wannan ya jingina da na kusa, ya ƙi faɗuwa. Nan ake mutuwa, don sai wani ya shiga ƙarƙashi zai sare wanda ya tare. Igiya ake sawa a ja daga nesa, ko a juya gindin da sanda. Kuma daga bakin fili ake farawa ana shiga ciki, kowanne ya samu inda zai kwanta.

Injiniya_Bajoga:
Ofareta, ai dole ka ce kada a sayi inji, sana'arka ce. Ni ina ganin ƙanin Malam Sale bai yi kuskure ba. Turare yana sake tohowa, bayan 'yan shekaru za a kuma sara. Injin yana nan, kuma ana ba da shi haya. Abin da ba a koya ba ne ba a iyawa.

Ofareta_Toro:
Yallaɓai Injiniya, a saya mana, mu ne za a kira mu gyara. Amma a san abin da ake saye. Kasuwa cike take da na jabu masu fenti iri ɗaya da na asali. Sannan haɗin mai: da man 2T (man inji da ake garwayawa da fetur) mai kyau, mililita 20 a litar fetur ɗaya, wato 50 da 1. In man na gama-gari ne, mililita 40, wato 25 da 1. Aka rage, fistin ya kama a yini ɗaya. Aka zuba da yawa, fulogi ya yi baƙi inji ya dinga mutuwa. Man sarƙa tankinsa daban. Mutane na zuba baƙin man da aka juye daga mota don araha, yana cinye famfon mai da takobi, yana kuma ɓata fuskar katako. Sarƙar 070 magagari mai kaurin milimita 5.5 take so. Wasan kayar da itace daban, haƙori a karkace wajen digiri 30. Wasan tsaga falanki kuma wajen digiri 10. In ka tsaga da wasan kayarwa, falankin zai fito da kaushi, injin ya sha wahala. In ka ga dusa tana fita kamar gari maimakon ɓarɓashi, sarƙa ta dakushe, ka tsaya ka wasa.

Duk wannan ban ma zo kan miƙe layi ba. Zare ake jiƙawa da baƙi a buga a jikin gungume, a bi layin da hannu. Sabon hannu zai fitar da falanki inci ɗaya a wannan baki, ɗaya da rabi a wancan. Ka tambayi Alhaji nawa zai saya.

DanKatako_MudaLawal:
Ba zan saya ba, sai dai a kuɗin itacen wuta.

Injiniya_Bajoga:
To a yi lissafi a daina tsoratarwa. A haɗa kuɗin inji, sarƙa biyu, magagari, hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, abin toshe kunne, da gyaran da ba a rasawa. A raba da abin da ofareta ke karɓa a kan falanki ɗaya. Adadin da ya fito shi ne falankin da za ku yanka kafin inji ya biya kansa. Malaina 20, a ce kowace ta ba da gungume biyu, kowane gungume falanki shida, 240 ke nan. A ƙara na dogon yaro. In ya haura adadin can, a saya, ko da ofareta za a ɗauko ya riƙe shi. In bai kai ba, na janye.

Kafinta_Wunti:
Ina so in ja hankalin Malam Sale kan rufin da ya ambata, don kada ya sa rai da turare. Turare ɗan shekaru kaɗan, da an tsaga shi yake lanƙwashewa tun a kan gungume, bakinsa ya tsage, in ya bushe kuma ƙusa ba ta shiga sai an huda. Kuɗinsa yana cikin sanda, ba falanki ba. Masu gini na sayensa don tokare rufin kankare da yin sikafo, masu rumfa da shinge su ma suna nema. Sanda kuwa ba ta buƙatar babban inji. Wadda kaurinta bai wuce inci huɗu ko biyar ba, gatari mai kaifi ko ƙaramin inji ya ishe ta. Wannan ɓangaren kam kuna iya yi da kanku da 'yan ƙwadago, kuna sayarwa da ɗaiɗai ko da ɗari.

Na rufi ku ɗauka daga dogon yaro. Gara ba ta cika damunsa ba, musamman jan cikin. Farin gefen ne ƙwaro ke ci, a shafe shi da magani kafin a ɗora. Malaina ta fi dacewa da ƙofa, silin da kayan ɗaki, ba ta da nauyi, ba ta murɗewa, amma tana jinkirin bushewa ƙwarai. Kafin a kayar da ko ɗaya, kafintan da zai yi rufin ya rubuta muku tubaifo nawa, tubaitiri nawa, tubaitu nawa. Ofareta ya yanka da ɗan ƙari kamar milimita uku, don katako yana raguwa in ya bushe.

Maman_Khadija:
Don Allah Malam Sale a bar ɗorawar nan. Biyar ɗin da kake gani kowace shekara suna ba da kalwa da garin ɗorawa, kuma kalwa ba ta kwantai a kasuwa. Katakonta ma ba wani abin kirki ba ne, ƙwaro ke cinye shi. Wanda ya ce zai saya "duka" ka tambaye shi me zai yi da ɗorawa. Gawayi ne ko itacen gidan burodi. Sabuwa kuwa sai ta yi kusan shekara goma kafin ta fara 'ya'ya.

Garba_Alkaleri:
Hajiya ta gano shi. Ni ma kalmar "duka" ɗin ce ta tsaya mini. Madaci uku ɗin nan yake hari, sauran rakiya ne.

MalaminDaji_Ningi:
Akwai yiwuwar haka, Malam Garba. Madaci babba mai lafiya yana iya fin malaina da yawa daraja. Sai dai madacin gona sau da yawa masu magani sun sassaƙe ɓawonsa shekara da shekaru, ruwa ya shiga, cikinsa ya ruɓe. A buga masa bayan gatari. In ya yi ƙara kamar ganga, akwai kogo. A duba kuma ko zuma ta zauna a ciki, don ƙarar inji tana tayar da ita.

Kuma a tuna abin da ya faru da madobiya. 'Yan shekarun baya an yi ta kwasarta daga Taraba da maƙwabtanta ana kaiwa Sin, masu gona da dagatai suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, har ta kusa ƙarewa. A 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido, a 2022 kuma aka ƙara madaci da kawo.

Lauya_Tudunwada:
Gyara kaɗan, Baba. CITES ta shafi fitar da kaya ƙasar waje ne. Wanda zai yi ƙofa da madacinsa a Dass, dokar jiha ce ke kansa, wato izinin da ka ambata da farko. Na faɗa ne kada a rikita Malam Sale.

Ga abin da ya kamata takardar yarjejeniya ta ƙunsa, ko sayarwa za a yi a tsaye ko ofareta za a ɗauka. A rubuta lambobin itatuwan da aka yarda a sare. Fentin lamba a sa shi wuri biyu, a ƙirji da can ƙasa a gindi, yadda bayan an sare lambar tana nan a kututture. Duk kututturen da aka samu ba lamba, a rubuta tararsa tun yanzu, kuma ta fi kuɗin itacen, in ba haka ba ka halatta masa sata da farashi. A sa ranar farawa da ranar gamawa, da cewa abin da bai kwashe ba bayan ranar ya koma na masu gona. Akwai masu biyan rabin kuɗi su bar itace tsaye shekara biyu yana ƙara kauri a gonarka, kai ba ka noma wurin ba, ba ka sayar wa wani ba. A faɗi na waye rassa da ɓallin gefen gungume. A hana haƙa ramin gawayi da kunna wuta a gonar. A nuna hanya ɗaya da mota za ta bi. Ɓarnar da itace ya yi wa amfanin maƙwabci ko katangarsa, da raunin da ma'aikaci ya ji, a rubuta wa zai ɗauka. Kuɗi kuma a gama biya kafin motar ƙarshe ta fita, ko a biya mota-mota kafin kowace ta tashi. Shaidu biyu, mai unguwa ya sa hannu.

Wani abu game da yi da kanku: in kun ɗauko 'yan ƙwadago da kanku, duk wanda itace ya danne, ku za a kama da jinya ko diyya. Wannan nauyin yana cikin abin da ɗan kwangila ke cirewa a farashinsa, kuma ba zalunci ba ne.

Dan_Kwangila_Deba:
Na gode Barista da ka faɗi wannan, don tun ɗazu ana ta yi da mu kamar ɓarayi. Mai saye a tsaye yana sayen abin da bai ga cikinsa ba. Dogon yaron iyaka cike yake da ƙusa da wayar shinge da itacen ya haɗiye, ƙusa ɗaya ta isa ta zubar da haƙoran sarƙa. Gungumen da ka yi wa lissafin falanki tara sai ka buɗe ka tarar da ruɓa. Ɗanyen gungume mai faɗin inci 19 da tsawon ƙafa 12 ya haura rabin tan, ba a ɗaga shi da fatan alheri. Ga fetur, ga abincin yara, ga mota ta kafe a rafi, ga shingaye a hanya. Mai gona ya karɓi kuɗinsa ya kwanta. Ga magada bakwai da kowa ke jiran rabonsa, kuɗi a dunƙule ya fi musu zaman lafiya a kan a yi wata huɗu ana sayar da falanki goma-goma, ana zargin wanda ke riƙe da kuɗin.

Baffa_Kumo:
Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce, ko da daga bakin mai saye ta fito. Gidaje da yawa a kan irin wannan suka ɓata.

DanKatako_MudaLawal:
Ba wanda ya ce kada a sayar a tsaye. A sayar bayan an auna, kuma a kira mutum uku su yi tayi, kowa a ranarsa. Sannan a sayar kashi-kashi: turare daban, malaina daban. Madaci kada ya shiga cikin dunƙule ko kaɗan.

Akwai hanya ta uku da ba a tattauna sosai ba, a ɗauki ofareta da injinsa a biya shi, katako ya zama naku. Nan ma yadda aka biya shi ne ke nuna abin da za a samu. Aka biya shi da yini, zai dinga jan ƙafa. Aka biya shi da ƙidayar guda, zai yi sauri, ya zaɓi gindin gungume mai daɗin yanka ya bar sama, ya kuma fi son tubaitu saboda yawan lamba. Gara a yanka farashi daban ga kowane girma, a ce wanda ya karkace ko bai cika awo ba ba a ƙirga shi. In raba katako za a yi da shi, a raba kowace yamma, girma-girma, ba a ƙarshen aiki ba. Ɗayanku ya zauna a wurin da littafi tun safe har a tashi. Fetur kuma ku san lita nawa aka zuba da guda nawa ya fita a ranar farko, ita ce ma'auninku na sauran kwanaki.

Injiniya_Bajoga:
Alhaji, me zai hana su kai gungumen injin tsaga na gari? Sarƙa tana cin kusan milimita 9 a kowane yanka. A falankin inci ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu na itacen ya zama dusa. Zarton injin gari mai ɗamara milimita 3 yake ci ko ƙasa da haka. Gungumen da ka ce zai ba da 8 ko 9, can zai ba da 10, ga na gefe da za a ƙara samu, ga santsi.

DanKatako_MudaLawal:
Haka ne, in mota tana shiga har gindin itacen kuma akwai masu lodi. A malaina ashirin, kuɗin ɗauko gungume zai iya cinye ribar falanki biyun da aka ƙara. A madaci kuwa ya cancanta. Wasu sukan raba: ofareta ya fasa gungumen ya zama murabba'i a gona, ya rage nauyi, sai a kai gari a yi masa yankan ƙarshe.

Kafinta_Wunti:
Duk wanda ya yanka, in ba a jera shi daidai ba an yi asara. Kada a bar katako a ƙasa ko a jingine da bango. A ɗaga shi daga ƙasa kamar ƙafa ɗaya da rabi a kan bulo, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Tsakanin kowane layi a sa 'yan sanduna busassu masu kaurin inci ɗaya, tazarar ƙafa biyu, kowanne daidai saman na ƙasansa. A shafe bakunan da fenti ranar da aka yanka, don ta baki ruwa ke saurin fita, nan tsagewa ke farawa. A ɗora nauyi a sama. Da hunturu iskar ta yi bushewa da yawa, a kare gefen da take bugowa da zana. Dogon yaro mai inci biyu a ba shi wata uku zuwa huɗu kafin a hau da shi rufi. Aka yi rufi da ɗanye, yana bushewa yana murɗewa, ƙusar kwano ta saki, damina ta farko a fara tara kwanoni a tsakar ɗaki.

MalaminDaji_Ningi:
In koma kan turaren, tunda Injiniya ya ce yana tohowa. Yana tohowa in an sare shi daidai. Kututture kada ya wuce inci huɗu zuwa shida daga ƙasa, a yanka shi a ɗan karkace don ruwa ya zurare, kada a ɗaye ɓawonsa, kada a tara rassa a kansa a ƙone. Zai fito da tofo da yawa. Bayan shekara ɗaya a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a cire sauran. A kare su daga awaki da shanu a shekarar farko. Mai saye a dunƙule ba ruwansa da wannan, yaransa a tsaye suke sara daidai gwiwa don kada su sunkuya, tofon da ya fito a dogon kututture kuma iska ke ɓalle shi. A sa tsawon kututture cikin takardar Barista.

Kuma kada a share 300 a shekara ɗaya. A raba gida uku ko huɗu, kowace shekara ɗaya. Gwamnatin Gombe tun 2019 take ta dashe a shirin 3G (Gombe Goes Green), a Bauchi ma kullum ana kira a dasa, bai kamata wanda ya gaji dasasshe ya mayar da shi fili a wata guda ba. Lokacin da ya fi wa tofo kyau shi ne gab da faɗuwar damina.

Ofareta_Toro:
Baba, gab da damina kuwa lokacin guguwa ne, ga zafi, ga manoma suna son sharar gona. Mu mun fi son bayan an kwashe amfani, daga Nuwamba zuwa Janairu, ƙasa ta yi tauri mota na shiga, kuma a fara da sassafe kafin iska ta tashi. A kula da maciji a ƙarƙashin tarin rassa, kububuwa ba ta gudu, mutanen Kaltungo sun san wannan. In akwai wayar lantarki kusa, ba a taɓa itacen sai an yi magana da 'yan kamfanin wuta na JED sun kashe layin.

MalaminDaji_Ningi:
Na katako a yi a lokacinka, ban musa ba. Na sanda da ake son ya toho, ina nan a kan bakana. Kututturen da aka sare a Disamba wata biyar zai yi yana shan rana, ga gara, ga dabbobi a sake.

Sale_Dass:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗorawa mun bar ta, Hajiya. Asabar za mu fita da tef da fenti. Ƙanena har yanzu yana kan maganar inji, ya ce lissafin Injiniya za a bi. Tambaya ɗaya, Alhaji: awon ƙirji da ka ce, shi ne zan ninka da 0.7?

DanKatako_MudaLawal:
A'a, kada ka yi haka, za ka cika wa kanka lissafi. Falanki daga siririn bakin gungume ake ƙirga shi, wato can sama a ƙafa 12, kuma ban da ɓawo. Ka sa yaro ya hau tsani ya auna biyar ko shida a can, ka ga inci nawa suke raguwa daga na ƙirji, sai ka cire wannan a sauran. Ka ƙara cire wajen inci uku a zagayen saboda ɓawo. Gungume na biyu kuma ya fi na farko sirancewa, yawanci tubaifo ne a cikinsa. In ka gama ka turo lambobin malainar nan mu gani.